Yadda Tele Ta Kai Mu Daji, Ni da Maigidana

A lokacin da abin nan ya faru na ɗan haura shekara hamsin, ina zaune a Madarumfa, sana'ata suyar kifi. Da safe masunta su kawo mani daga tabki, in gyara, in soya, kafin azahar na sayar na koma gida. Na yi lakkol, wato makarantar boko, har kwaleji kafin aurena, saboda haka ina jin Faransanci daidai gwargwado. Maigidana kuwa bai taɓa zama a aji ba. Tun yana saurayi ya shiga mota, ya zama direban kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya ƙarar da ƙarfinsa tsakanin Maraɗi, Ɗan Issa, Katsina da Kano. Ƴaƴanmu biyu ne, namijin yana aiki a Ɗan Issa, macen tana aure a Maraɗi. Da ciwon baya da hawan jini suka sauko da shi daga mota, sai muka wayi gari mu biyu a gida, muna kallon juna kamar baƙi. Mun tsufa da aure amma ba mu saba da zama tare ba, don duk rayuwarmu yana hanya.

Ɗanmu ne ya lura da haka, ya saya mana tele, wato talabijin, da parabol mai kamo tashoshi. Nan da nan kowa ya kama gwaninsa. Ni ba abin da nake so kamar wasannin Hausa masu dogon zango da shirin girke-girke, shi kuma kokowa da labarai. Mun sha yin gardama a kan telekomand, abin canza tasha, kamar yara, har yakan ɓoye ta a aljihun rigarsa in zai tafi masallaci. Wata rana da la'asar yana canza tasha sai ya faɗa kan wani shiri na mutanen wata ƙasa mai sanyi, waɗanda suka bar birni suka shiga daji. Su sare itace su gina ɗaki da hannunsu, su kama kifi, su yi farauta, babu wutar lantarki, babu maƙwabci. Da Faransanci ake yin shirin, sai ya ce in zo in gaya mashi abin da wani dattijo mai farin gemu yake faɗi. Na jawo tabarma na zauna kusa da shi. Daga ranar muka samu abin da ya haɗa mu. Duk ranar shirin zai sayo mani goro da kansa, ya gyara wurin zama, ya yi ta kirana tun ban gama wanke tukunya ba. Ni kuwa daɗin yadda yake saurarona ya sa nake ƙara gishiri a fassarar. In dattijon ya ce daji da wuya amma da kwanciyar hankali, sai in ja maganar kwanciyar hankalin, in bi ta kan wuyar da sauri. Ban yi da wata manufa ba. Fuskarsa kawai nake so in ga ta saki.

Ba a jima ba zancen daji ya zama hirarsa a ko'ina. Ra'ayinsa shi ne an halicci mutum don ya ci guminsa a fili, ba don ya zauna cikin ƙarar moto da injin niƙa ba, kuma ya ce kunnensa ya gaji da ƙugin mota. Ƙanensa ya ce mashi musulmi da jama'a aka san shi, ya tambaye shi inda zai riƙa sallar Juma'a, da wanda zai yi mashi wanka in ta Allah ta kasance. Ƙawata da muke suyar kifi tare ta yi dariya har da hawaye. Ta ce waɗancan mutanen ƙoshi ne ya kai su daji, mu kuwa iyayenmu da ƙyar suka fito daga cikinsa, yanzu da muka samu famfo da wuta kuma za mu koma. Ban ƙi maganarta ba a zuciyata, amma a fili bayan mijina na bi. Da ya ce zai gyara gonar mahaifinsa da ke can wajen Gabi, a ƙetaren gulbi, mu koma da zama, yaranmu duka biyu suka zo suka roƙe shi. Ɗiyata ta ja ni ɗaki ta ce ni kaɗai ce zai ji maganata, in hana shi. Na ce mata mutumin da ya ciyar da mu shekara da shekaru bai taɓa roƙon komai don kansa ba, wannan ɗaya dai zan ba shi.

Da rani aka gina mana ɗaki biyu na ƙasa da rumfa, aka yashe tsohuwar rijiyar gonar. Muka tafi da awaki, da zabi, da ƙaramin pano na wutar hasken rana mai ɗaukar fitila da cajin waya. Tele muka bar ta a gida, don panon ba zai ja ta ba. Ba zan ɓoye maku ba, watannin farko suna cikin mafi daɗin abin da na gani a aurena. Mutumin da bai taɓa ɗaukar guga ba shi ke ja mani ruwa. Ya koyi hura wuta, ya koyi dama kunu, ko da yake kullum da gudaji. In mun gama aiki mu zauna ƙarƙashin wani gawo, ya yi ta ba ni labaran hanya waɗanda ban taɓa ji ba: ranar da birki ya tsinke mashi a gangare, da wata tsohuwa mai tuwo a Jibiya da take kiransa ɗanta. Wahala ma akwai ta. Na koma daka da hannu bayan na manta da taɓarya, tafin hannuna ya yi kanta. Awaki suka cinye dashen mangwaron da ya fi ji da shi. Rezon waya kuma ba a samunsa sai an hau wani tudu a ƙarshen gona. Can nake zuwa in kira ɗiyata ta ba ni labarin inda wasana ya kwana, wa ya saki wa, wa aka gano asirinsa. Shi kuma ya tsaya a ƙasa yana yi mani tsiya, wai na zo daji da jiki amma zuciyata tana cikin akwati. Duk da haka in na sauko sai ya tambaye ni ko an kama mugun nan na cikin wasan.

Da damina ta zauna, gulbi ya cika, hanyar da muke bi mu fita ta yanke. A daidai lokacin maganinsa na hawan jini ya ƙare. Na yi mashi maganar mu nemi masu fito mu ƙetara mu sayo, ya ce tun da muka zo kansa bai sara ba ko sau ɗaya, iskar daji ta warkar da shi, a bari ruwa ya janye. Na san ba haka majo, malamin asibiti, ya gaya mana ba, don cewa ya yi maganin nan ba a barinsa ko mutum ya ji garau. Amma gero ya yi kyau, mijina yana cikin farin ciki, sai na yi shiru. Ga hadari ya yi kwanaki bai buɗe ba, panon bai samu rana ba, wayarmu ta mutu.

Wata safiya muna maimai a gona, ina gaba yana bayana, sai na ji waƙar da yake yi ta tsaya. Da na waiwaya na gan shi durƙushe, hauya ta faɗi gefe. Na ruga na tallabe shi. Bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki kamar ba nasa ba, yana son magana harshe ya ƙi. Na ja shi da ƙyar zuwa gindin gawon nan, na jingina shi, na tofa mashi duk addu'ar da ta zo bakina. Na ɗaga kai na duba gabas da yamma, ba kowa sai gero. Shirun da muka baro gari muna nema, ranar shi ya fi komai ba ni tsoro. Mutanen da suka fi kusa da mu wasu Fulani ne da suka yi ruga can bayan tudu, tafiya mai nisa ga mace irina. In na tafi zan bar shi shi kaɗai, in na zauna zan zuba mashi ido ya mutu. Na cire mayafina na lulluɓe shi, sai ya riƙe bakin zanena da hannun da ke aiki.

Na ce, “Alhaji, sake ni in nemo mutane. Wallahi zan dawo.”

Ya dube ni, hawaye na bin gefen fuskarsa, ya daɗe kafin ya saki. Ban taɓa yin abin da ya yi mani wuya kamar juya mashi baya a wannan lokaci ba.

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Takalmina ya maƙale a laka na bar shi. Da na isa rugar na kasa magana, sai nuni nake da hannu. Matar gidan, wadda nake sayen nono wurinta, ita ta gane, ta ƙwala wa mijinta kira. Ya ɗaura shanu a amalanke muka koma. Duk hanyar ina roƙon Allah abu ɗaya, in same shi da rai, ko da daga baya zai karɓi abinsa. Muka tarar da shi yadda na bar shi, idonsa na kan hanyar da na bi. Muka ɗora shi, na ɗora kansa a cinyata, matar tana riƙe da ƙafafunsa, har bakin gulbi. Ruwa ja wur yana gudu da rassan itace. Bafillacen ya yi ta kira har mutanen ƙauyen da ke ƙetare suka ji. Magidanta suka bar aikinsu suka shigo ruwa da manyan goruna, suka ɗaura ƙyauren ƙofa a kai, suka kwantar da shi, suka tura shi suna iyo ta kowane gefe. Ni ma haka aka ƙetare da ni, na rufe ido ina salati. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin. Wani ya ba da wayarsa na kira ɗana, wani ya nemo mota. Kafin la'asar muna asibitin Madarumfa, daga nan aka wuce da mu Maraɗi.

Allah ya yi da sauran kwana. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da mun ƙara jinkiri da labarin ya canza. Yaranmu ba wanda ya ce mana ai mun gaya maku. Ɗiyata dai ta kama ƙafafuna da ƙaya ta yayyaga tana wankewa tana kuka. Muka yi makonni a asibiti, sannan muka dawo gidanmu na gari. Maƙwabtan da ya ce sun dame shi da hayaniya su suka riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci, ƙanensa kuma kullum sai ya zo ya motsa mashi hannu. Magana ta dawo a hankali. Abin da ya fara haɗawa mai tsawo shi ne neman gafarata, wai ya kai ni inda zai bar ni ni kaɗai. Na ce ni ma ya yafe mani, don na ga rami na yi shiru saboda kada in ɓata mashi rai. Na kuma gaya mashi yadda nake gyara fassarar nan. Ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya ya ce ai ya daɗe da zargin haka, don dattijon yakan yi magana kaɗan ni kuma in yi mai yawa.

Yanzu yana tafiya da sanda, ƙafar hagu tana ɗan ja. Gonar wani ɗan ƙanensa ke noma ta, mukan je da kaka mu wuni mu dawo, mu biya ta rugar nan da ƙauyen bakin gulbi mu gaisa, don sun zama dangi. Shirin kuma bai daina kallo ba. Wata rana ana nuna dattijon yana ratsa daji cikin ƙanƙara, ana cewa ba kowa kusa da shi, sai maigidana ya taɓa ni ya ce, “Hajiya, to wa ke ɗaukarsa hoto?” Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya yi wannan tunani a cikinmu. Ashe mutumin da muka bi zuwa daji yana tare da jama'arsa, da motarsu da maganinsu, a bayan abin ɗaukar hoto.

Ban rubuto wannan don in ce zaman daji laifi ne ba, kuma ban ce a daina kallo ba. Iyayenmu sun zauna a daji, amma a cikin dangi suka zauna, in ɗaya ya yi kira goma su amsa. Abin da na koya shi ne tele tana nuna abin da ke da daɗin kallo ne, ba ta nuna ranar da magani ya ƙare da hanyar da ruwa ya cinye. Duk mai sha'awar ya huta da mutane, ya fara tambayar kansa wa zai ɗauke shi in ya faɗi. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kuma kada jin sauƙi ya ruɗe shi ya ajiye. Ƴan'uwana mata, ku da kuke son mazanku kamar yadda nake son nawa, ku faranta masu, amma in kun ga abin da zai cuce su ku faɗa ko da ransu zai ɓaci. Ɓacin ran wuni ɗaya ne ya wuce. Ni na zaɓi yin shiru, kuma saura kaɗan in dawo daga gonar nan ni kaɗai.