Yadda taɓon tafkinmu ya yi baƙi

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara kwasar nama daga Nguru, ni masunci ne a wani tafki bayan gari. Sai mahauta suka kafa zangon shanu a bakinsa. Kashin shanu da jini da ruwan wankin tumbi, duk kwata ɗaya suke bi su gangaro mana.

Ruwan ya fara yin kore. Daga baya, in na kafa gora zan tura kwalekwale, sai kumfa ta taso daga ƙasa da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Taɓon da na sani ja-ja ne, amma ya koma baƙi ƙirin, matacciyar ciyawa tana ruɓewa a cikinsa. Karfasa ta riƙa tasowa tana buɗe baki a saman ruwa, can kuma ta juya ciki sama.

Na je wurin sarkin ruwa. Ya ce mutanen ruwa ne suka yi fushi, kumfar numfashinsu ce, a yanka baƙin bunsuru a zuba musu jinin.

Na ce, "Baba, jini kuma? Wanda ake zuba musu kullum bai ishe su ba?"

Ya ce, "Kai dai bakinka ya fi komarka faɗi."

Sarkin fawan zangon surukinsa ne. Ban ce ya sani ba, amma ko sau ɗaya bai taka ya duba kwatar nan ba.

Aka yanka bunsurun, kumfa ba ta daina ba. Kafin kaka na naɗe komata na koma Gashuwa, inda ruwa ke gudu, ina kamun kifi a ƙarƙashin masuntan Badawa da furfurata.