Jirgin Gado a Tsakiyar Kogi

Kakarmu Hamsatu ba ta yin tatsuniya sai tana bandar kifi. Gidanmu yana gangaren Gaya, inda in ka tsaya bayan danga kana hango fitilun garin Malanbil a ƙetaren kogi. Da an ci tuwo bayan magariba, sai ta jera tarwaɗa da karfasa a kan ragar banda, ta tura icce ƙasa, mu kuma mu kewaye ta, idanunmu na hawaye don hayaƙi. Ba mai tashi, don in ka tashi wani ya gaje maka wuri. Da maƙwabta Dandanci take yi, da mu jikoki Hausa, in ta hasala kuwa ta haɗa mana duka biyun.

"Ku matso," takan ce, "ga wata ta fito daga ruwa."

"Ta zauna mu ji ta," mu amsa.

Akwai wadda ba na son ta yi, ita kuma tana yawan yin ta. Labarin Gado ne, mai fito.

Gado ba mugu ba ne, in ji Kaka. Yana raha, yana ƙetarar da tsofaffi kyauta. Sai dai jirginsa yana da tsaga a ciki, 'yar ƙarama. Matarsa ta gani ta ce ya toshe, ya ce gobe. Abokan fito suka gani suka faɗa, ya yi dariya ya ce ai shi ya san jirginsa. Haka damina ta wuce, tsaga tana buɗewa. Ranar wata kasuwa ya cika jirgi da mutane da buhunan shinkafa. Suna tsakiyar kogi iska ta taso, ruwa ya ɓullo ta tsagar nan, jirgi ya kife. Kowa ya fita, ban da ɗan wata mata da ya kuɓuce daga bayanta.

Aka kai Gado gaban Sarkin Ruwa, shugaban masunta. Gado yana kuka yana rantsuwa bai yi nufi ba, iska ce. Nan Kaka takan kumbura murya ta zama Sarkin Ruwa.

"Iska ba taka ba ce, Gado, ba mu tambaye ka ita ba. Jirage nawa suka ƙetare cikin iskar nan? Tsagar muke tambaya."

Ba a doke shi ba, ba a kore shi daga gari ba. Aka kafa turke a tsakiyar kogi, aka ɗaure masa jirgin nan nasa mai tsaga, aka sa shi ciki da ƙoƙo guda. In ya kwarfe ruwa ya tsira, in ya huta ruwa ya hau. Kowace safiya a kai masa abinci, a tsaya nesa a tambaye shi wa ya kifar da jirgi. Shi kuma ya ce iska ce. Sai a juya a bar shi.

Yayana Sani ya taɓa yi mata gardama. "Kaka, an zalunce shi. Ai bai so yaron ya mutu ba."

Ta juya kifi ɗaya kafin ta amsa. "Ran da iska ta taso ba shi da yadda zai yi, wannan gaskiyarka. Ran da matarsa ta yi magana fa, wa ya riƙe masa hannu?"

"To ɗaure shi zai dawo da yaron?"

"A'a. Ba don yaron aka yi ba. Don kada Gado ya tsufa ya mutu bai san abin da ya aikata ba."

Ni dai abin da ke damuna shi ne ƙarshen. Na ce, "Yaushe aka kwance shi?"

"Igiyar ta ruɓe da kanta, Ramatu. Amma in ya zo gaɓa dole ya bi ta ƙofar uwar yaron. Sai ya riƙe turken da hannu ɗaya, yana kwarfa da ɗayan. Yana can. Tawa ta koma ruwa, ku je ku kwanta."

Nakan kwanta ina jin kamar ni ce a jirgin, ga gari ina gani, ba halin isa.

Kaka ta daɗe a ƙasa. Na yi aure nan Gaya, na haifi Isufu, ya girma ya kama kabu-kabu da babur tsakanin tasha da gadar kogi. Ya fara shan tiramol wai don ya jure rana. Ubansa ya yi faɗa, na yi kuka, ya ce zai daina. Wata la'asar ya shigo unguwa a guje ya banke Malam Hasan tela, maƙwabcinmu, yana dawowa daga masallaci. Kafin a kai shi likita ya cika. Jandarmomi suka tafi da Isufu, alƙali ya yanke masa shekaru a gidan kaso.

Hanya ɗaya ce ke fita daga lungunmu, ta ƙofar Hajo, matar marigayin. Duk ran da zan kai wa Isufu abinci sai na ja mayafi na rufe kwanon, na sunkuyar da kai na wuce. Ranar gaisuwa na je cikin taron mata, ban iya dubanta ba, ban kuma sake komawa ba. A gidan kaso kuwa magana ɗaya Isufu yake yi mini ta bayan ƙarfe: "Inna, wallahi ban san abin da nake yi ba. Ƙwaya ce." Ni ma ina so in yarda. Ina fita ina maimaita wa kaina cewa ɗana ba mugu ba ne, kuma gaskiya ne. Sai muryar tsohuwar nan ta biyo ni har gida, ta hana ni sakat. A lokacin na lura ba ta taɓa gaya mana ko Gado yana da uwa ba, balle yadda ita ta yi da zaman gari.

Juma'ar da ta wuce na sami Isufu ya rame. Bai taɓa abincin ba. Sai da gardin gidan kaso ya fara buga ƙarfe, alamar lokaci ya ƙare, sannan ya ce, "Inna, 'ya'yan Malam Hasan suna zuwa lakwal kuwa?"

Na ce babbar ta daina zuwa makarantar.

Ya kifa goshinsa a jikin ƙarfen. "Ni na je na saya, Inna. Ni na haɗiya da hannuna. Ba wanda ya ɗura mini."

Na ɗauki kwanon na fito. Shekarunsa suna nan yadda alƙali ya yanke, ƙofar ta rufu a bayana kamar kullum. Amma da na iso lungunmu ƙafata ta ƙi wuce ƙofar Hajo. Na tsaya da kwanon a fili, na yi sallama. Na ji tsintsiya ta tsaya a tsakar gida. Na sake yin sallama, na jira.