Batirin da Aka Yi wa Fuskar Kwando

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka kira ni ɓarawo a bakin hanyar Nasarawan Doya, gaban mutum ya fi ashirin. Ku yaran shagona da kuke ƙunƙuni ina sa ku awon 'ya'yan batir kwana da kwanaki kafin ku taɓa dalmar liƙi, ku ajiye mitocinku ku ji dalili.

A lokacin ina aiki a Maƙarfi, a shagon Alhaji Mamman. Dillalin tumatir ne daga Kudan, ya tsufa cikin harkar gwari. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi ya ji ana zancen keke mai caji, sai ya kama shago, ya ɗauke ni shugaban ma'aikata. Shugaban wa? Ni kaɗai ne a shagon. Amma ya sa an rubuta Babban Injiniya a ƙofa, shi kuma Manajan Darakta.

Ga wanda bai san aikin ba: batirin keken nan ba dunƙule ɗaya ba ne. 'Ya'ya ne ƙanana, kowanne kamar babban yatsa, ana jera su layi goma sha uku, huɗu a kowane layi. Akwai ɗan allo da ke gadinsu. Da zarar layi guda ya ƙare, allon zai yanke wuta gaba ɗaya, ko da sauran sha biyun cike suke dam. Shi ya sa dole ka caja kowane ɗa, ka sauke cajin, ka rubuta ƙarfinsa a jikinsa, sannan ka raba su, mai ƙarfi ya zauna da rarrauna, har kowane layi ya zo daidai da ɗan'uwansa. Wannan shi ne daidaitawa. Da 'yar na'urar da nake da ita a lokacin, aikin kwana huɗu ne.

Cikin rani, ana tsakiyar kakar tumatir, Alhaji ya dawo daga Kano da sababbin 'ya'ya ashirin da takwas, koraye shar. Sauran ashirin da huɗun tsofaffi ne da na ciro daga batiran kwamfutoci. Ya kuma sa kafinta ya yi akwati mai murfin gilashi, wai don mai saye ya ga kaya. Sai a nan ya gaya mini ya riga ya yi wa ƙungiyar manoma alkawari: jibi zai hau keken da muke haɗawa da kansa, daga Maƙarfi zuwa Nasarawan Doya, ya dawo, ba ɗigon mai.

Na ce, "Alhaji, a ba ni kwana huɗu in daidaita su."

Ya ce, "Injiniya, kwana huɗu ai tumatir ya isa Legas ya ruɓe. Matsa ka ga yadda ake jera kaya."

Ya naɗe hannun riga ya zauna a kan benci. Tsofaffin nan ya zuba su a ƙasa, layi shida. Korayen ya shimfiɗa su a sama, layi bakwai, yana juya kowanne don rubutunsa ya kalli gilashi. Wallahi ya yi kyau. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya san wannan aikin: manya jajaye a fuska, na ƙasa kuma Allah ya rufa asiri.

Na ce, "Alhaji, wuta ba ta kallon fuska."

Ya ce, "Mai saye yana kallo."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi wata jarumta ba. Gardamar minti biyar na yi, na tuna buhun masarar gidana ya kusa ƙasa, na ɗauki dalma na liƙe. Da muka caja, mita ta nuna cike. Alhaji ya ce, "To, ina kwana huɗun naka?" Ni kuwa na san jimla kawai take nunawa.

Ranar kuwa Alhaji ya ci babbar riga mai aiki, ya sa aka ɗaura masa kwandon tumatir a baya don a ga keken yana ɗaukar kaya. Manoma suka biyo shi a kan mashina, ni ina bayan wani. Da farko abin gwanin sha'awa, keke yana ta sulu ba ƙara, Alhaji yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Muna tsallake rafi, aka fara ɗan hawa, sai ɗif. Ya murɗa, shiru. Ya sake murɗawa, ya buga fedal, riga ta shige cikin sarƙa.

Ya sauko yana huci, ya nuna ni da yatsa. "Jama'a, ku shaida! Sababbin kaya na saya da kuɗina. Sabi'u ya kwashe, ya cusa mini matattu!"

Aikin nan namu ba shi da jari sai suna. In aka watse da wannan magana, daga Ikara har Kudan ba mai sake ba ni ko tocila in gyara. Ga shi ubangidana ne, kuma a haife ya haife ni.

Sai wani dattijo, Baba Tanko, manomin tumatir ne a nan Nasarawan Doya, ya tako a hankali. Ya ce, "Alhaji, shekara nawa kana sayen kayana? Ka taɓa biyan kwando ba ka juye shi ka ga gindi ba? To, a juye mana wannan."

Alhaji ya ce ai kayan wuta ne, akwai haɗari. Baba Tanko ya ce, "Ga mai wutar nan tsaye."

Na kwance murfi. Aka ƙirga korayen, ashirin da takwas cif, ba wanda ya ɓata. Na ɗora mita a layukan sama, duk sun kusa cika. Na ɗaga su, na ɗora a na ƙasa: layi ɗaya ya faɗi ƙasa da volt uku, wato ya ƙare, biyu suna bin sa a baya. Na yi musu bayani kamar yadda na yi muku.

Baba Tanko ya duƙa ya daɗe yana kallon jerin nan. Ya miƙe ya ce, "Wannan ba jerin mai gyaran rediyo ba ne. Hannun ɗan gwari ne. Alhaji, ashe kai ma ka iya fuska!"

Kai, dariya! Wani har da riƙe ciki. Alhaji ya hau bayan mashin ya tafi ba sallama. Keken kuwa ni na turo shi har Maƙarfi, da kwandon da komai.

Washegari ya sallame ni. Ya ce ba don batir ba ne, don na buɗe kaya gaban masu saye, kuma ɗan kasuwa ba ya haka.

Bayan mako guda Baba Tanko ya zo ƙofar gidana da tsohon kekensa, yana so a mayar masa mai caji. Ya tambayi kwana nawa, na ce huɗu. Ya ce, "Ɗauki biyar." Na fara yi masa godiyar wanke ni da ya yi, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, Sabi'u. Daga sata na wanke ka. Shi ya jera, na yarda. Amma wa ya liƙe?"

Wannan ta fi ta Alhaji yi mini ciwo, don ba ni da mitar da zan ɗora a kanta. Abin da na koya ke nan: layin da ba a gani shi ke tsayar da keke a kan hanya, kuma duk wanda ya ba ka umarni, dalmar a hannunka take. Ku ɗauki mitocinku, saura 'ya'ya goma sha tara ba ku auna ba.