Malam Sale da Kurar Bango

Ina kan tsani a tashar Birnin Kudu ina yi wa wata mota rubutu, wani direban Gwaram ya ce, "Malam Hudu, sauko. Allah Ya yi wa Sale mai fenti rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye fenti na sauko.

Tare muka koyi zanen manyan motoci, kuma ba mu taɓa daina musu ba. Direba zaki yake so a bayan motarsa, baki buɗe, haƙora waje. Ni sai in zana masa, a rabu lafiya. Shi kuwa Sale sai ya zana ramammiyar zakanya tana lasar ɗanta, ko damisa da ƙafa cikin tarko. Wani mai mota ya taɓa ce masa, "Malam, wannan zakin naka ai yunwa yake ji!" Ya ce, "Alhaji, na dajin ma haka suke, in ma ka same su." Ya rasa ayyuka da yawa a kan haka, ni ma na sha ce masa taurin kai ne kawai. Yakan ce, "Kowa na tsoron kura, ba mai tambayar abin da kura ke tsoro."

Bara aka gano kura da 'ya'yanta a duwatsun bayan ƙauyen su Sale. Mafarauta suka shirya kwashe 'ya'yan su sayar wa masu wasa da kura. Sale bai yi wa kowa wa'azi ba. Bangon da ke kallon majalisarsu ya nema, ya zana uwar tsaye a bakin rami wayam, hantsarta cike. Suka yi ta dariya, har suka sa masa suna kawun kura. Ya kwanta ciwo bai san abin da suka yanke ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ranar sadakar uku Baba Ɗanladi, babban mafarautan, ya zauna kusa da ni. Sai ya ce, "Malam Hudu, kullum muka zauna sai kurar bangon nan ta zuba mana ido. Mun bar mata 'ya'yanta. Makiyaya ma mun roƙe su su ƙara wa shingen dabbobinsu ƙaya, kada ta yi musu ɓarna." Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya tausaya masa kamar yadda ya tausaya wa halittar da ba ta da bakin roƙo. Allah Ya ba maiɗakinsa Habi haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Amin.