Akwatin Ashana a Tsakar Gidanmu

Shekara uku motar maigidana ta yi a tsakar gidanmu a unguwar Nima ta Accra, lulluɓe da tamfol, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ta mutu ba. Cewa yake yi tana jiran kaya. Ni kuwa da na ga jiran ya yi tsawo, sai na mai da ita wurin shanya. A kanta nake baza karan dafin da nake dafa waakye da shi, wato shinkafa da waken da nake sayarwa a bakin titi tun kafin in haifi 'yata ta fari. Kaji suka kama ƙarƙashinta. Kyanwar maƙwabta ta haihu sau biyu a bayan tayarta, ba wanda ya tambaye ta izini.

Ƙaramar mota ce ƙirar Koriya. Sunanta na nan a rubuce a bayanta, amma a Nima ba mai wahalar da bakinsa, akwatin ashana kowa ke ce mata. Lokacin da irinta suka fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, tsofaffi ne da aka gama mora a wata ƙasa, amma mu a wurinmu amare ne. Kafin ka ce me, sun cika Accra, kowacce an shafa mata rawayan fenti a kusurwoyinta huɗu, alamar tasi. Ba ta shan mai, ba ta da nauyi. In ta faɗa kwata, maza huɗu ne za su ɗago ta su ajiye a titi, direba ya yi godiya ya wuce. Direbobin trotro, wato bas-bas na haya, sun raina ta ƙwarai, in sun zo wucewa sukan leƙo ta taga su tambayi maigida ko uwarta ta san ta fito.

Shi bai damu ba. Yakan ce kamfanin da ya yi ta har firji da talabijin da jirgin ruwa yana ƙerawa, irin wannan kamfani ba ya mutuwa. To, ya mutu. Wasu suka saye abin da ya rage, suka ɓamɓare sunan suka liƙa nasu. Mu ba a rediyo muka ji ba, a bakin masu sayar da kayan gyara na Abossey Okai muka ji, kuma a hankali. Da farko in ka nemi abu sai su ce ka dawo mako mai zuwa. Daga baya suka koma cewa babu. Daga ƙarshe in ka ambaci sunan motar sai mai shago ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gan ka.

Masu irinta kowa ya nemi dabararsa. Yawanci suka riƙa cusa mata kayan wasu motoci, a sassaƙe nan, a yi walda can, mota ta tafi tana tari. Wani abokinsa a Maamobi ya gaji, ya cire tayoyin tasa ya zuba zabi a ciki. Maigida kuwa ya ce shi ba a yi wa motarsa haɗin gambiza. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi wani aikin.

Akwai abin da yake taƙama da shi, kuma gaskiyarsa ce. Gidanmu yana can cikin lungu, kuma a duk motocin duniya tasa ce kaɗai ke iya shiga lungun har tsakar gida. Sai ya naɗe madubai, ya shigo a hankali, bango na nan bango na nan, bai taɓa gogar ko ɗaya ba. Mata masu naƙuda da tsofaffin da ba sa iya takawa zuwa titi, daga ƙofar ɗakinsu yake ɗaukarsu. Saboda haka sunansa ya ɓace a unguwa, yaro da babba Direba suke ce masa.

Ranar da giyabos ya fashe, turo ta aka yi har gida. Aka nemi wani aka rasa. Ya riga ya haura sittin a lokacin, kuma a Accra ba mai mota da zai miƙa wa mai furfura tasi alhali ga samari na layi. Mu duka mun san in ba wannan motar ta tashi ba, ya gama tuƙi ke nan har abada. Bai taɓa faɗa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina cin ƙwai da nama a cikin waakyen da nake zuba masa, sai ya ture su gefe ya ce haƙori ne. Haƙoransa kuwa sun fi nawa ƙarfi. Wannan abu ya fi komai ci mini rai, har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini, ban san ko da shi nake ko da Koriya ba.

A shekara ta biyu maƙwabcinmu, mai lodi ne a tashar Tudu, ya ɗauko tsohuwarsa daga arewa. Ƙafafunta sun daina aiki, gidansu kuma a cike yake, ba ɗakin da za a sa ta. Sai ya yi abin da kowa ke yi a nan: ya zo ya gaishe da maƙwabta, ya ce yana so ya ɗan ci lungu ya fitar da ɗaki. A Nima ba takarda ake nema ba, doka ɗaya ce, a bar inda makara za ta wuce da masu ɗaukarta. Kowa ya ce ba komai. Maigida ma ya ce ba komai, sai dai a bar wa mota hanya, kuma shi da kansa zai gwada.

Ina zaune ina tsince wake na ga gwajin. Ba mu da tef, bai kuma nemi igiya ba. Ya ɗage tamfol, ya tsaya a gaban motar, ya buɗe hannayensa daidai faɗinta, sannan ya juya ya nufi lungu a haka, hannu a buɗe. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da limamin unguwa. Ba yadda za a yi mutum ya wuce liman hannu a sama. Ya sauke, ya ba shi hannu biyu, aka tambayi gida, aka tambayi iyali, aka tambayi jiki, aka yi addu'a aka shafa. Da liman ya wuce, sai maigida ya sake buɗe hannayensa ya ƙarasa, ya ce wa magini ga nan. Magini ya ja layi da gawayi.

Na gani sarai cewa hannayen da ya mayar ba su kai na farko ba. Na yi shiru. Ba don ladabi ba ne, kowa ya san bakina. Na yi shiru ne don a raina na riga na binne motar, ban ga amfanin tayar da magana a kan gawa ba. Da yake ba shi da aiki, shi ya riƙa kwaɓa siminti yana miƙa bulo har aka ɗora kwano. Tsohuwa ta tare, aka jingina gadonta da sabon bangon, kullum in ya wuce sai ta sa masa albarka ta taga.

Sai ga shi a damina ta uku wani makanike daga Madina, fita muke ce musu a nan, ya aiko cewa an samu giyabos. Wata irinta ce babbar mota ta murƙushe ta baya, gaban bai taɓu ba. Aka kawo giyabos a cikin buhun shinkafa. Kwana huɗu fita yana kwance a ƙarƙashinta, maigida na tsugune yana miƙa sifana, kaji na zagaye suna neman gidansu. A rana ta biyar da hantsi ta tashi. Na yi guɗa, ban san lokacin da guɗar ta fito ba. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya sako farar rigarsa, ya zauna a mazauninsa, ya naɗe madubai, ya nufi lungu. Ya yi taku kamar shida ya tsaya.

Yatsu huɗu ne suka hana ta wuce sabon bangon. Fita ya gwada da hannunsa, maƙwabci ya gwada, har liman aka kira ya gwada, duk yatsu huɗu suka samu. Unguwa ta taru, kowa ya zama injiniya. Aka cire madubai da hannayen ƙofa, aka samu yatsa ɗaya. Wani ya ce a kwantar da ita a gefenta a ɗauka, tunda ba ta da nauyi. Aka kawo igiya, wannan karon, aka gwada tsayinta, sai ga shi daidai yake da faɗinta, Koriyawa ba su bar mana ko kaɗan ba. Ta sama kuma rufin kwano ne da wayoyin lantarki a harɗe. Fita ya ce a raba ta biyu a fitar, ya haɗa da walda a titi, ba mai ganewa. Maigida ya ce shi ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a motar da aka ɗinke ba.

Maƙwabcin ne ya faɗi abin da kowa ke tunani. "Baaba, mu fasa bango kawai," in ji shi. "Bulo ne. A sake ginawa."

Amma bangon ne ke riƙe da rufin, ga ruwa kullum, kuma ba wani wuri da za a kwantar da tsohuwa kafin a sake gini. Maigida ya nufi wurin tsohuwa. Ya yi sallama ya shiga ɗakin, ni ina bayansa. Tana kwance, tasbaha a hannu, ashe duk tana ji. Hausarta irin ta mutanen arewacin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Direba, na ji mota ya yi kuka. Alhamdulillahi. Ka fasa, ɗana. Ni na kwana waje, ba komai."

Ya duƙa ya gyara mata bargo a ƙafa, ya tambaye ta ko rufin yana yoyo. Ta ce ba ya yi. Ya ce madalla, ya fito.

Kwana biyu bai yi maganar ba. A rana ta uku, ina wanke tukunya bayan la'asar, na kasa riƙewa. Na ce masa, Malam, ranar gwajin nan na ga hannunka ya ragu bayan liman, kuma ban faɗa ba. Na shirya ya yi faɗa, har ina so ya yi.

"Ni ma na ji ya ragu," ya ce. "Ranar na fid da rai ne."

Washegari ya aika a kira masu sayen ƙarfe daga Old Fadama, waɗanda ke yawo suna kiran kondem, wato lalataccen ƙarfe. Ya ce fita ya zo ya cire inji da giyabos ya kai wa wani mai irinta da ke jira a Maamobi, sauran kuma a sare. Masu sayen ƙarfen suka iso da safe su uku, da guduma da kurfi, suka ce a zuƙe man da ke ciki tukuna. Ya ce ba za a zuƙe ba, ɗan kaɗan ne, a bari ta shanye abinta. Na shimfiɗa musu tabarma, na zuba musu waakye, suka zauna suna ci.

Ya tayar da ita. Sannan ya zagayo ya buɗe ƙofar baya ya tsaya yana kallona, hannuna duk mai. Na goge a zane na shiga.

"Ina za a kai ki, Hajiya?"

Na ce Madina. Ya sa giya, muka tafi har bakin lungu, ya taka birki, ya waiwaya ya dawo da baya har gindin randa. Ya sake sa giya. Ban ƙirga sau nawa ba. Masu guduma suka sunkuyar da kai a kan kwanukansu, ba wanda ya yi dariya. Ni dai kuka nake yi a baya, a fili, ban ɓoye ba, ina jin tausayinsa kamar raina zai fita, shi kuwa hannu biyu a kan sitiyari, yana duba gabansa yadda ya kamata.

A tsakiyar tsakar gida ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya ja birkin hannu, ya fita, ya buɗe mini ƙofa. Sannan ya je ya miƙa wa babban masu guduma makulli. Mutumin ya dubi makullin, ya dubi gudumarsa, sai ya goge hannunsa a wando ya karɓa da hannu biyu.