Hannun da Maharazu Ya Ɗaure

Duk wanda ya zauna Sabo a Ibadan bayan samun 'yancin kai ya san Maharazu mahauci, ya kuma san ba a yi masa zancen kare kai a dambe. Kana farawa zai tofar da tuƙar goro ya ce, "Kare kai? To ka zauna a ɗaki mana, can ne ba mai dukanka!" A wajensa dambe duka ne. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ne mashi, ɗayan a bar shi buɗe ya zama garkuwa, kuma garkuwa ba ta taɓa kai kowa ƙasa ba.

Da ƙuruciya ya zubar da maza a Kano da Zariya kafin ya biyo shanu kudu. Yanzu kafaɗa ta ƙi, ko cinyar saniya ba ya iya ratayewa sai an kama masa. Abu ɗaya ke cin ransa: kada dukan nan nasa ya bi shi kabari. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya ɗora rai a kan Isiyaku, ɗan ƙanensa, wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar zaure.

Kullum bayan la'asar sai ya ja shi bayan mayanka, ya naɗe masa hannun dama, ya rataye buhun yashi.

"Daga ƙugu duka ke tasowa! Taka, juya, saki!"

Isiyaku ya saki, buhu ko gezau.

"Kai! Wannan duka ne ko gaisuwa?"

"Yi haƙuri, Baffa."

Haƙurin nan shi ya fi ƙona wa Maharazu rai. Idan an buɗe fage da Sallah, ba mai iya taɓa fuskar Isiyaku, shi kuma ba ya kayar da kowa. Masu kalangu su gaji, Yarabawan da suka zo kallo daga unguwar Mokola su watse suna dariya. Maharazu ya sa an yi masa rubutun sha, ya ɗura masa romon ƙashi, ya zage shi, ya lallashe shi. Shekaru suka tafi a haka, wallahi abin takaici.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka shiga ɗaukar soja, Isiyaku ya ba da kansa. Maharazu ya raka shi tashar jirgin ƙasa yana ta mita. Ana cikin turereniya wani ɗan sane ya cafki ƙunshin da Isiyaku ke riƙe da shi a dama. Isiyaku ya taka, ya juya ƙugu, ya saki hagu. Mutumin ya zube, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Maharazu ya tsaya baki buɗe. Dukansa ne, sak, babu abin da ya rage.

"Isiyaku! Dama kai bahago ne?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai. "Tun ina ƙarami aka hana ni da bulala, Baffa, aka ce abin kunya ne."

"Shi ne ka bar ni ina ɗaure maka dama shekara da shekaru? Bakinka ciwo yake?"

"Kai ka kama hannun ka ɗaure. Ni wane ne da zan ce ka yi kuskure?"

Jirgi ya yi kuka. Maharazu ya riƙe hagun nan da hannu biyu.

"Wasa ɗaya, ɗana. Ka tsaya Sallah ta zo, wasa ɗaya kawai!"

Wani kofur ya daka tsawa, Isiyaku ya zare hannunsa a hankali ya hau.