Shekarar da Na Shanya Jirage

Na karanta tarihin dauloli a kwalejin horon malamai, na kuma koyar da shi har gemuna ya yi fari, ban ga daula ɗaya da takobi ya kayar ba. Daula tana faɗuwa ne ranar da aka kira taro, magatakarda ya shimfiɗa tabarma, ya fere fensirinsa, ya zauna shi kaɗai. Na san haka domin ni ne magatakardan kwamitin tseren jirage a wani ƙauye na ƙasar Tambuwal, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, kuma na zauna a kan irin wannan tabarmar.

Tseren ba shi da wuyar bayani. Idan kaka ta wuce, ruwa ya fara ja, Sarkin Ruwa yakan buɗe tafki a yi su, wato kamun kifi na gayya. Washegari masuntan Kebbe su iso da jiragensu, namu su fito da nasu, mutum huɗu a kowane kwale-kwale, a tuƙa zuwa wani kututturen giginya da ke tsakiyar ruwa, a kewaye shi a dawo. Babu kofi, babu lambar girma. Wanda ya ci yana da izinin yi wa ɗan'uwansa gori har shekara ta zagayo, kuma a wajen mutanen nan wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Lokacin da aka turo ni koyarwa garin, mu tara ne a kwamiti. Aka yi wa akawun kotu canjin wurin aiki. Malamin gona ya ce ƙafarsa. Wasu ba su ce komai ba, sun dai daina zuwa, in mun haɗu a masallaci su gaishe ni da sauri. Samarin da ke tuƙi kuwa, wasu sun tafi masaƙa a Kaduna, wasu aikin hanya, wasu soja. Muka rage mu uku: ni, da malamin asibiti, da Sarkin Ruwa, dattijo mai ƙarancin magana wanda bai taɓa gane amfanin kwamitin ba, amma yana zuwa saboda kunya.

Ana haka sai saƙo ya zo daga babban masuntan Kebbe ta bakin wani mai sayar da goro. Ya ce kwana biyu suke yi suna turo jirage a gulbi, bara kuma jirgi biyu kacal suka tarar a wajenmu. In bana ba su kai uku ba, to, an yi na ƙarshe, kowa ya riƙe gorinsa.

Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina tsaye gaban allo ina lissafin ɗalibai, zuciyata tana lissafin matuƙa. Jirage muna da biyar. Hannu ne babu. Na yi ta tunanin abin da zai jawo sauran matasan gari, sai na tuna wani hoto a littafin karatu: Turawa cikin jirage masu launi, mutane cike da gaɓa. Na ce lalle launin ne asirin. Ga shi kuwa a sito ɗin makaranta akwai ragowar fenti gwangwani biyu, kore da fari, tun na bikin mulkin kai.

A nan ya kamata in faɗi cewa ni ɗan cikin gari ne. Mahaifina malamin zaure ne, ruwan da na sani shi ne na buta. Da na je bakin tafki na ga jiragen nan biyar a nutse, an danne su da duwatsu, hancinsu kaɗai ke waje, sai raina ya ɓaci. Na rubuta a littafin kwamiti cewa kayan tsere sun nutse saboda sakaci. Har yau littafin yana nan, da rubutuna mai kyau.

Sarkin Ruwa ya tafi ta'aziyya wajen Yawuri, zai yi mako biyu. Na karanta jikin gwangwani, an rubuta da Turanci cewa sai itace ya bushe sarai kafin a shafa. Na nuna wa malamin asibiti.

Ya ce, "Malam, Bature ba ya ƙarya a jikin gwangwani. Ni da gwangwani nake aiki kullum."

Muka ari bijimai biyu na huɗa, muka jawo jiragen ɗaya bayan ɗaya, muka kife su a kan tudu inda rana ta fi bugawa. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta tsaya tana kallonmu, hannu a ƙugu.

"Malam, wa ya ce a fidda su?"

"Kwamiti, Inna."

"To. Allah shi ba kwamiti lafiya."

Na amsa da amin, na ɗauka addu'a ce.

Kwana bakwai suka sha rana, muka shafa fenti, kore a sama fari a ƙasa, na zana wa kowanne lamba. Gaskiya sun yi kyau. A rana ta tara ina zagaya su da la'asar sai na ji ƙas, kamar an karya kara. Na duba ban ga kowa ba. Na sake jin ƙas. Da na sunkuya, sai ga tsaga ta bi cikin jirgi mai lamba ɗaya tun daga hanci har tsakiya, yatsana yana shiga. Na bi sauran. Babu wanda ya tsira.

Saura kwana biyar tsere Sarkin Ruwa ya dawo. Bai shiga gida ba aka kai shi tudu. Na same shi yana shafa tsagar da tafin hannu kamar mai duba maras lafiya.

"Malam, mi kunka yi haka don shi?"

"Baba, fenti ba ya kama jiƙaƙƙen itace. A rubuce yake."

"Ina anka rubuta?"

Na miƙa masa gwangwanin. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanga gwangwani ya taɓa shiga ruwa?"

Ya mayar mini da gwangwanin, ya ci gaba.

"Jirgi ruwa shika sha, kamar ni da kai. In rani ya kama muna nutsar da shi don kar itacen shi bushe shi tsage. Kakana haka ya yi, kuma ko alif bai sani ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya bi su yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Biyu ya ce sun mutu, mai banda ta samu itacen wuta. Biyu za su tashi. Na ƙarshen, mai lamba biyar, ya daɗe a kansa, sannan ya ce, "Wanga sai abin da Allah ya yi."

Uku ake nema, na ukun ke nan.

Aka shiga ɗinki. Ana cusa auduga da tsumma a tsaga da bakin wuƙa, a bi da man kaɗanya, a yanko gwangwani a buga da ƙusa a kai. Gwangwanayen fentin nan su aka yanka, har ina iya karanta rabin umarnin a gindin mai lamba biyar. Tsumma ya ƙare, na kawo tsohuwar rigata ta zuwa makaranta. Daga nan aka mayar da su ruwa, aka danne da duwatsu yadda na same su, domin itacen ya kumbura ya matse ɗinkin.

Kullum in an tashi makaranta sai in tafi bakin tafki in tsaya ina kallon hancin jirage uku. Babu abin gani, amma na kasa zama a gida. In tambayi Sarkin Ruwa ko kwana huɗu za su isa, ya ce itace ba shi da agogo. Na riƙa ganin yadda za a faɗi labarin nan gaba: tsere ya fi kakanni daɗewa, ya wuce yunwa, ya wuce zamanin Bature, sai da aka kawo malamin makaranta sannan tseren ya mutu.

Ga kuma maganar hannu. Sha biyu ake bukata. Sarkin Ruwa ya bi gida-gida ya samo sha ɗaya, mafi ƙuruciya a cikinsu yana da jika. Ranar su da yamma aka ɗago jiragen. Biyu sun kama. Mai lamba biyar yana tsattsafo ta wuri uku.

Sarkin Ruwa ya ce, "Mutum ukku su tuƙa, guda shi kwashe ruwa." Ya dube ni. "Kai ka shanya shi, kai za ka kwashe mai."

"Baba, ban iya iyo ba."

"Shi ya sa za ka kwasa da gaskiya."

Da hantsi mutanen Kebbe suka iso da jirage huɗu, baƙaƙe, babu ado ko ɗigo. Babbansu ya sauko, suka gaisa da Sarkin Ruwa gaisuwa mai tsawo, sannan ya juyo ya ga namu.

"Kai, mutanen Tambuwal! Jiragenku ma sun shiga boko? Wanga mai faci aji nawa shike?"

Mutanensa suka kwashe da dariya. Ya ɗaga hannu.

"Ku ji da kyau. Mu jirgi in ya komo muka ƙirga shi, ba in ya tashi ba."

Aka ɗaura mini gora a ƙirji don kar in nutse, aka ba ni ƙwarya, na tsuguna a tsakiya. Mai riƙe da baya ƙanen Sarkin Ruwa ne, mutum mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Aka buga ganga, filafilai suka faɗa ruwa.

Ban ga tseren ba. Abin da na gani shi ne gindin jirgi. Ruwa yana ɓullowa ta gefen ƙusoshi siriri-siriri, in kwasa in zubar, kafin in juyo ya dawo. Ya rufe yatsun ƙafata, ya kai idon sawu. Ina jin ihun mutanen Kebbe yana nisa. Na fara karanta duk addu'ar da mahaifina ya koya mini, har da ta shiga kasuwa.

Muna kewaya giginya jirgin ya karkata, facin tsakiya ya ɗaga baki, ruwa ya taso kamar an buɗe tulu.

Ƙanen Sarkin Ruwa ya daka mini tsawa, "Zauna bisa, Malam!"

"Bisa me?"

"Bisa ramin! Kana jiran a rubuto maka?"

Na zauna a kan tsagar da dukkan nauyina, gefen gwangwani yana yanka ta inda ba a faɗa, ina kwasa ta dama ina kwasa ta hagu. Filafilan suka yi nauyi, tsofaffin nan suna nishi. Kowane tuƙi sai in ga bakin jirgi ya ƙara kusantar ruwa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji hancin jirgi ya soki laka, ruwa yana ƙuguna, ƙwaryar tana hannuna na kasa sakinta.

Sauran jirage shida sun daɗe da isowa, wasu matuƙan har sun ci goro. Kebbe ce ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku. Babbansu ya tako har inda muke, ya nuna namu da yatsa.

"Guda. Biyu." Ya leƙa cikin mai lamba biyar. "Biyu da rabi."

Sarkin Ruwa ya ce, "Rabin ya komo ko bai komo ba?"

Babban na Kebbe ya dube ni, ni kuma ina kallon bakinsa.

"Ya komo. To, ukku. Baɗi muna tafe, in Allah ya kai mu. Amma ku ɓoye ma Malam fenti."

Aka kama hannuna aka fitar da ni. A aljihuna akwai jawabin godiya ga jama'a, shafi biyu, ya jiƙe amma yana karantuwa. Na warware shi, na gyara murya, na juya wajen gaɓa.

Mutum tara ne a tsaye. Shida daga cikinsu shanu suka kawo shan ruwa.